Ajin Manyan Mata a Unguwar Rogo

Ni malamar firamare ce a Jos. Da yamma kuma, daga la'asar zuwa gab da magariba, ina koyar da matan unguwarmu karatu da rubutun boko a wani aji da wata Islamiyya ta ara mana. Babu hukumar da ta kafa ajin. Matan ne suka nema da bakinsu, kuma wahala ce ta sa su.

A farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, ciniki ya koma ta waya. Matar da ke sarin tumatir da kabeji a Farin Gada ta wayi gari sai ta nemi yaro ya karanta mata saƙon banki kafin ta saki kaya. Wasu an cuce su da saƙon bogi. Waɗanda ba a cuta ba, sirrin aljihunsu ya zama na kowa, har ɗan maƙwabta ya san nawa ya shigo yau. Wannan ya fi komai yi musu ciwo.

Abin da na fara ganewa shi ne matan nan ba fanko suka zo ba. Akwai wata dattijuwa da muke kira Inna, wadda za ta lissafa maka kuɗin kwando goma sha biyu, ta cire na ɗan dako da la'adar dillali, ta faɗi ribarta, kai kana laluben kalkuleta. Yawancinsu sun yi makarantar allo, suna karanta Alƙur'ani, wasu har suna gane ajamin da ke jikin manyan takardun naira. Don haka ban ɗauko littafin 'yan aji ɗaya ba. Daga wasulan da suka sani muka tashi. Duk wadda ta yi allo ta san ba, bi, bu tun tana yarinya. Sai na nuna musu cewa a boko wasalin ba ya hawa saman baƙi ko ya sauka ƙasansa, a gefe yake tsayawa, sannan muka ƙara be da bo. Cikin ɗan lokaci suka fara haɗa baba, buta, tebur. Abin da ya fi ba su wuya shi ne juya hannu: fensir da kansa yake tafiya gefen dama na takarda, sai an riƙa tuna masa cewa nan daga hagu ake farawa.

Inna ta ce da ni, "Malama, ni dai ki fara koya mini sunana. Na gaji da dangwale." Na ce, "To Inna, kawo hannun." Yatsunta sun saba da ɗaga kwando, ta damƙi fensir har bakinsa ya karye. Muka koma kan allo da alli, tana zana harafi kamar faɗin tafin hannu, a hankali yana ƙanƙancewa har ya shiga layi. Ranar da ta sa hannu a takardar makarantar jikanta, da kwalbar lemo ta zo mini aji.

Sai batun kunya, wanda babu littafin koyarwar da ya taɓa faɗa mini shi. Idan ana koyon sunayen mutanen gida, akwai matar da za ta rubuta sunan mijinta ko na ɗan farinta tsaf, amma ko za a yi yaya ba za ta karanta shi a fili ba. Ban matsa ba, alkunya ce, kuma ina girmama ta. Takan nuna mini da yatsa in duba. Haka suruka da matar ɗanta: muddin suna benci ɗaya, babu mai buɗe baki, kowacce tana tsoron ta yi kuskure a gaban ɗaya. Da aka raba musu wurin zama, duk suka sake.

Wani abin kuma ido ne. Mace ta haura arba'in, ta riƙa nisanta takarda daga fuskarta, ta fara cewa ita kanta ba ya ja. Kanta lafiya lau, tabarau take buƙata. Ina roƙon duk mai koyar da manya ya lura da wannan kafin ya yanke hukunci a kan ɗaliba.

Zuwa aji kuwa yana hawa yana sauka. Sanyin Disamba, azumi, biki, zaman makoki, ga dokar hana fita idan gari ya rikice. Babbar mace ba a yi mata faɗan fashi. Mun haɗa maƙwabta bibbiyu, wadda ta zo ta kai wa 'yar'uwarta darasi har gida. Mazan da suka so hanawa, limamin unguwa ne ya yi musu magana, ya ce gemu ba ya hana ilimi, balle ɗankwali.

Abin da ke hana ni barci shi ne bayan an iya karatun, me za a karanta? Wadda ta koya ta ajiye, kafin shekara ta zagayo ya gudu. Magabata sun gane haka. A zamanin Yaƙi da Jahilci, gwamnatin Arewa ta kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954 musamman don buga ƙananan littattafai da jaridu ga sababbin masu karatu. A 1980 Kano ta kafa hukumar ilimin manya a mulkin Abubakar Rimi, a 1990 kuma aka kafa ta ƙasa baki ɗaya. Hukumomi suna nan, amma littafin Hausa mai manyan baƙaƙe, mai maganar da ta dace da uwar 'ya'ya takwas, yana da wuyar samu. Mu da katin asibiti, da sakamakon jarrabawar yara, da saƙon waya muke darasi. Wata abokiyar aikina da ke koyar da zumuntar mata a cocinsu, ita ma da Hausa, mukan yi musayar takardun da kowaccenmu ta rubuta da hannu.

Yanzu akwai rukuni na biyu a ajin, matasan matan da aure ya cire daga sakandare. Su sun iya karatu, takarda suke nema. Nakan nuna musu cewa WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, kuma wadda ta samu sakamako za ta iya neman Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, da ke da cibiya a nan Jos, ko karatun NCE na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, ba tare da ta bar ɗakinta ba. Biyu daga cikinsu su ne ke riƙe mini masu koyon baƙi idan na makara.

Mazan unguwa ma sun aiko, masu Keke Napep da mahauta, suna son nasu ajin bayan isha'i. An samu malami. Fitila mai aiki da hasken rana ce ta rage, ita ake haɗa wa kuɗi ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci.