Bournville, unguwar da masu Bournvita suka gina

Kafin in nufi Bournville sai da na leƙa tsofaffin gidajen leburori da ke titin Hurst, a tsakiyar Birmingham, a Ingila. An gina su ne baya da baya, bango ɗaya ya haɗa gida biyu, ba taga ta baya, masai da wurin wanki kuwa na kowa da kowa ne a tsakar gida. Rukuni ɗaya tak ya rage, an mai da shi gidan tarihi. Irin waɗannan ɗakuna George Cadbury, wanda ya kafa unguwar Bournville, ya riƙa gani lokacin da yake koyar da manya karatu ranar Lahadi.

Daga tashar New Street jirgin ƙasa bai kai minti 20 ba muka iso. Tashar Bournville an shafe ta da shunin nan na kamfanin Cadbury, ga masana'antar cakulan a gefe. Mu da muka tashi da gwangwanin Bournvita a gida mun san sunan Cadbury, amma ban zo don cakulan ba.

John Cadbury ya buɗe shagon shayi da koko a Birmingham a 1824. 'Ya'yansa Richard da George suka karɓi harkar a 1861, suka fitar da masana'antar bayan gari a 1879. Da farko gidaje 16 suka gina wa manyan ma'aikata. Daga baya George ya sayi fili da kuɗin aljihunsa, ya ɗauko wani matashin mai zanen gini, William Alexander Harvey, aka shiga aiki gadan-gadan.

Na daɗe ina zaga layukan a ƙafa. Jan bulo, rufi mai tsini, kowane gida da lambunsa gaba da baya. Ƙa'idar ita ce gini kada ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin, sauran a bar wa shuka, har itatuwan marmari aka dasa wa mazauna. Ba a gina mashaya ba, domin iyalin 'yan ɗariƙar Kirista ta Quaker ne, masu ƙin giya. A dandalin unguwar na zauna kusa da ɗakin hutun da ma'aikata suka yi karo-karo suka gina a 1914.

Abin da ya fi kama ni shi ne abin da George ya yi a 1900. Ya ɗauki gidaje 313 da fili eka 330 ya fitar da su daga hannunsa, ya miƙa wa Bournville Village Trust, kamar waƙafi. Ba sai kana aiki a kamfanin za ka samu gida ba, kuma barin aiki ba ya sa a kore ka. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ma'aikata ya san fargabar ranar da aiki zai ƙare, mabuɗi ya bi shi. A shekarar da ta biyo, nan aka yi taron farko na masu fafutukar gina garuruwa masu lambu, daga baya kuma ɗansa George ƙarami ya shiga majalisar birnin yana faɗan tsara unguwanni.

Akwai tabo, kuma ba zan rufe shi ba. A shekarun da ake wannan gini, wani kaso na kokon daga tsibirin Sao Tome yake zuwa, inda 'yan Afirka ke aikin bauta. Sai a 1909 kamfanin ya daina saye, ya karkata zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau. Jinkirin ya yi yawa.

A 2010 kamfanin Kraft na Amurka ya saye Cadbury. Gidajen ba su shiga cinikin ba, har yau amintattun waƙafin ne ke karɓar haya suna gyara.