Daren da na kwana ina ƙirga fitsarin ɗana

Yana da wata huɗu na fara lura ba ya shan nono kamar yayyensa. Ya ja kaɗan ya saki, gumi na tsattsafo masa a goshi, alhali muna Jos a tsakiyar hunturu. Surukata ta ce iska ce, aka yi hayaƙi aka yi rubutu. Sai da aka ɗauki hoton zuciyarsa, wanda likitoci ke ce wa eko, aka ga huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa. Jinin da ya kamata ya zaga jiki sai ya riƙa komawa huhu, shi ya sa kullum yake haki. Likita ta ce kusan jariri 1 cikin 100 ke zuwa duniya da matsalar zuciya.

Yadda muka haɗa kuɗin aiki, wannan labarin wata rana ne. A Abuja aka yi, yana da wata bakwai.

Da likita ya fito ya ce an toshe hujin, na yi sujada, na kira babansa na ce an gama. Wata nas ta dafa ni ta ce, "Maman yaro, bari mu ga wayewar gari tukuna." Raina ya ɓaci a lokacin, amma gaskiya ta faɗa. Wajen aikin tsayar da zuciyar ake yi, na'ura ta karɓi aikinta da na huhu. Idan aka tayar da ita, takan yi rauni, kuma raunin ya fi tsanani tsakanin awa 6 zuwa 18 bayan aiki. Wato daidai lokacin da dangi ke ta kiran waya suna barka.

Daren nan na ga abin da ake dubawa. Allon na'urar da ke ta ƙara bai dami nas ɗin ba kamar yatsun ƙafarsa: ta taɓa, ta danna, ta ga ko jini ya dawo da sauri. Sai jakar fitsari, don idan zuciya ta yi rauni fitsari kan ragu. Ana son aƙalla mililita 1 a kowane kilo cikin awa guda. Shi kilo 5 ne, ke nan cokalin shayi ɗaya nake roƙon Allah. Wajen ƙarfe biyu ƙafar ta yi sanyi, fitsari ya ja baya, aka ƙara maganin milrinon da ke taimakon bugun zuciya. Akwai kuma wasu siraran wayoyi da aka bari a ƙirjinsa don daidaita bugun zuciya idan ya rikice, saboda jijiyar da ke tsara bugun tana bi ta gefen hujin, ɗinki na iya taɓa ta. Ba a kai ga amfani da su ba. Da asuba ƙafar ta yi ɗumi.

A gida ni ce na yi wauta. Na kiyaye kar a ɗaga shi ta hammata har mako shida, don ƙashin ƙirji ya haɗe. Amma da na ga yana shan nono ba gumi, sai na daina ba shi Lasix, maganin rage ruwa a jiki, har kwana biyu. Fuskarsa ta kumbura, hakin ya dawo, likita kuwa ta wanke ni tas.

Ekon da aka yi wata uku bayan aiki ya nuna zuciyar na matsawa da kyau, sai ɗan yoyo a gefen facin da aka toshe hujin da shi, wanda aka ce za a ci gaba da dubawa. Yanzu yana tafiya. Har yau cikin dare nakan kai hannu ƙafarsa, babansa ya ce, "Ke dai, sanyin Jos ne, ja masa bargo."