Na Je Melbon, Na Kwaso Takaicin North Melbourne

Tun da na dawo daga Ostireliya, duk wanda ya zo yi mini barka da sauka tambayarsa ɗaya ce, wai na ga kangaru? Na gani. Amma ni abin da nake ta ba mutane labari har sun fara gajiya shi ne wata ƙungiyar ƙwallo da ta shekara da shekaru tana shan kashi, da yadda na zauna a cikin magoya bayanta raina ya ɓaci kamar tawa ce. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya aiko mini da tikiti don zai aurar da 'yarsa a Melbon. Ni malamin makaranta ne a Kano, da yamma kuma ina horar da yaran unguwa ƙwallo, saboda haka idona kullum yana kan fili.

Hanya ba ta da labari, zama ne kawai har ƙugu ya ƙage. Labari ya fara ne a wurin binciken kaya. Mutanen nan ba sa yarda a shigar musu da nama ko iri ko 'ya'yan itace, kuma tun a cikin jirgi ake ba ka kati ka bayyana abin da ka ɗauko. Na bayyana kilishin da Hajiya ta sa aka yi wa ƙanenta musamman. Dokarsu ce, ban ja ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda jami'in ya ɗaga ƙunshin da yatsu biyu, ya yamutsa fuska, ya tambaye ni har sau biyu da ƙarfi ko ina jin Turanci, alhali da Turancin nake ba shi amsa. Ya jefa shi a kwandon shara ido na ganin ido. Matar da ke teburin gefe ce ta ce mini in yi haƙuri. Da na gaya wa Kawu, sai ya riƙe baki ya ce, "Kai ɗan nan, kilishin Hajiya?" Ya fi ni jin zafin abin.

Lokacin da muke cikin damina su suna tsakiyar hunturu ne, ga iska mai ratsa ƙashi. Washegari Kawu ya kai ni kantin gwanjo na 'yan agaji, na samu kwat mai nauyi a kuɗin da bai kai na aski ba. Ba ƙari na yi ba, aski a garin nan sai ka yi tunani sau biyu, kuma ba a tayi. Inda na ji kamar ina gida shi ne kasuwar Queen Victoria dab da tashi, lokacin da masu kayan gwari ke ɗaga murya suna karya farashi don kada kaya su kwana. Mun cika jaka da lemo da tumatir a arha. A tsakiyar gari kuwa jirgin titi kyauta ne, ka hau ka sauka babu mai ce maka kanzil. Wata ɗabi'arsu da ta burge ni, mai sauka daga bas yakan juyo ya yi wa direba godiya. Mu a nan da kwandasta ake rabuwa da zagi a kan canji.

A falon Kawu na fara ganin ƙyallen wuya mai ratsin shuɗi da fari a rataye. Ashe mutumin da na sani da sauraron Kano Pillars a rediyo ya zama ɗan a-mutun North Melbourne, ƙungiyar da ake wa laƙabi da Kangaroos a gasar AFL, wato babbar gasar irin tasu ƙwallon ta Ostireliya. Dalilinsa mai sauƙi ne. Lokacin da ya zo ƙasar a wannan unguwa ya fara zama, kusa da dogayen benen gwamnati da ke cike da 'yan Somaliya da Habasha da Sudan. Ƙungiyar tana da wani shiri mai suna The Huddle a hedikwatarta da ke titin Arden, wanda aka buɗe a 2010 don taimaka wa 'ya'yan baƙi da karatu da wasanni, kuma yaransa sun amfana. Nan ne kuma Majak Daw, haifaffen Khartum, ya fara buga babbar gasa a 2013, ɗan asalin Sudan na farko da ya kai wannan matsayi. Kawu ya ce daga ranar ya ɗaura ɗamara.

Ƙungiyar ba ƙarama ba ce. An kafa ta a 1869 a unguwar 'yan ƙwadago da mahauta, ta ci kofi a 1975 da 1977 da 1996 da 1999. A 2007 hukumar gasar ta yi mata tayin kuɗi ta koma garin Gold Coast, ta ƙi barin unguwarta. Amma lokacin da na je, rabonta da wasannin neman kofi tun 2016. Ita ce ta ƙarshe a teburi a 2021 da 2022, kuma a 2022 ɗin wasa biyu kacal ta ci a duk kakar. A 2023 da 2024 ta ci uku-uku. Tun a 2022 aka ɗauko Alastair Clarkson, kocin da ya ci kofi huɗu da Hawthorn, ya zo ya tayar da ita.

Ranar wasa muka sauka a tashar Southern Cross muka bi ayari zuwa filin Marvel, mai rufin da ake buɗewa a rufe. A lokacin tikitin gama-gari dalar Ostireliya 27 ne, na yara dala 5, kuma a ganina shi ne abu mafi arha a garin idan ka kwatanta da abincin da ake sayarwa a ciki, wanda tsadarsa ta wuce hankali. Abu biyu suka ba ni mamaki tun kafin a fara. Akwai ɗakin salla a cikin filin, kuma Kawu ya ce albarkacin Bachar Houli ne, Musulmin da ya yi wa Richmond wasa, wanda ya nemi a samar da su a filayen gasar. Na biyu, magoya bayan ɓangarorin biyu a cakuɗe suke zaune, babu shinge babu 'yan sanda a tsakani. Ana ihu, ana gugar zana, a tashi a hau jirgi ɗaya. Na tuna yadda baƙin ƙungiya kan fita daga wasu filayenmu a cikin motar jami'an tsaro, na yi shiru.

Wasan kansa, mutum 18 ne kowane ɓangare a fili mai siffar ƙwai. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshe, idan ka buga ƙwallo ta ratsa na tsakiya maki 6, ta gefe maki 1. Ana ɗaukar ta da hannu, amma ba a jifa, sai dai a naushe ta ko a buga da ƙafa. Wanda ya cafe bugun da ya yi tafiyar mita 15 bai taɓa ƙasa ba, ya samu damar tsayawa ya buga babu mai taɓa shi. In ba haka ba, duk mai riƙe da ƙwallo halak ne a rungume shi tsakanin kafaɗa da gwiwa a kai shi ƙasa, kuma idan ya samu damar rabuwa da ita bai yi ba, laifinsa ne. A nan duk rikicin yake.

Zango na farko da na biyu, wallahi ban ga alamar ƙungiyar ƙarshen teburi ba. Akwai wani abu da ya faru a gabanmu da har yanzu nake gani. Ɗan bayan abokan hamayya ya ɗauki ƙwallo kusa da sandunansu, ya ɗaga kai yana neman wanda zai ba. Wani ɗan ƙaramin yaron North ya taso daga bayansa tun daga nesa, gudun da kowa ya san da wuya ya cim masa. Bai cim masa ba, amma mutumin ya ji takunsa, ya yi saurin naushe ƙwallon ga na kusa da shi, wanda shi kuma tuni mutum biyu sun rufe shi. Suka rungume shi, hannuwansa a manne da jiki, suka kai shi ƙasa. Filin gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya, "Boool!", wato ya riƙe ƙwallo, a hura. Alƙalin wasa ya hura, North ta samu bugu, aka ci maki 6. Wanda ya ci aka rubuta wa, amma yaron da ya yi gudun da bai taɓa kowa ba shi ne mai ƙwallon. Wata tsohuwa Baturiya da ke gefena, wadda ta ce tun kofin 1975 take bin ƙungiyar, ta riƙe hannun rigata tana girgizawa don murna. Da ta ga ina rawar ɗari sai ta zuba mini shayi daga fulas ɗinta, ta ciro ƙyallen wuyanta na biyu ta ba ni, ta rantse ba za ta karɓa ba.

Bayan hutun rabin lokaci sai abin ya sauya, kuma ba a hankali ba. Abokan hamayya suka ci biyu a jere, na uku ya biyo baya daga kuskuren bugu a tsakiya. Daga nan na daina kallon ƙwallo na koma kallon waɗanda ba ta hannunsu, kamar yadda nake yi da yarana. Gudun nan na bin baya ya zama sassarfa. Mai rungumar mutum ya koma miƙa hannu ɗaya, a fizge a wuce. Wani ya tsaya yana nuna wa ɗan'uwansa da yatsa wanda ya kamata ya riƙe. Ba gajiya ba ce kawai, don ɗaya ɓangaren ma ƙafa biyu gare su. Zuciya ce ta riga ta gaya musu yadda labarin zai ƙare, saboda sun sha ganin ƙarshensa. Cikin 'yan mintoci wasan da ake kankankan ya zama na a tashi a huta. A zango na huɗu, da komai ya riga ya lalace, sai suka dawo suna wasa mai kyau har da cin maki, aka yi ta tafa musu. Wannan tafin ya fi shan kashin ɓata mini rai.

A jirgin komawa muka kaure da gardama. Kawu ya ce, "Yara ne, ka yi musu uzuri. Dubi Harry Sheezel, a 2023 ya fara, a shekarar ya ci kyautar matashin ɗan wasa. Dubi Nick Larkey, ƙwallo 71 ya ci a kakar da muka ci wasa uku. Sannu ba ta hana zuwa." Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, gwaninta ban musa ba. Amma bin mutum a guje ba ya buƙatar gwaninta, kuma shi suka fara ajiyewa." Shi da kansa ya ba ni hujjar da na kayar da shi. Richmond ta ƙare ta 13 a 2016, shekara ta zagayo ta ci kofi a 2017, na farko tun 1980, ta ƙara a 2019 da 2020. Kowa a Melbon zai gaya maka da me ta yi: ƙananan 'yan gaba masu gudu da ba sa barin mai tsaron baya ya numfasa. A wasan nan yawancin maki daga ƙwace ƙwallo suke fitowa, don haka tsaro tun daga gaba yake farawa.

Ni a ganina tsarin gasar ma yana da hannu. Ƙungiyoyi 18 ne, babu wadda ake kora zuwa ƙaramin rukuni, kuma wadda ta zo ƙarshe ita ke fara zaɓe a rabon sababbin matasa. Manufar mai kyau ce, tana hana masu kuɗi mamaye komai. Amma yaron da ya shigo yana ɗan shekara 18, ya buga wasa hamsin ya ci bakwai ko takwas, kowa yana shafa masa kai ana cewa gobe taka ce, yaushe zai koyi jin zafin faɗuwa? Pillars ta yi daga 2003 zuwa 2015 ba a doke ta a gida a gasar lig ba, baƙo tun daga ƙofa yake karaya, yaran gida kuma ko an riga su ci ba sa yarda an gama. Da ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022, Kano ba ta shafa wa kowa kai ba, kuma a 2023 ta dawo. Ba ina cewa su kwaikwayi jifa da zagin da ke biyo bayan irin wannan a wurinmu ba, Allah ya kiyaye. Amma haƙurin mutanen North ya yi yawa. Kawu ya ce wanda bai zauna da su shekarun nan ba ba shi da bakin magana, har muka sauka bai ƙara kula ni ba.

Bayan biki ya huce, ya kai ni titin Arden. Fili ne a buɗe a cikin unguwa, mutane na wucewa da karnukansu, kana iya jingina da shinge ka kalli atisaye babu mai tambayar ka kati. Na ga ana jera su biyu-biyu, ɗaya ya ruga da ƙwallo ɗaya ya kayar da shi, a tashi a sake, wani mataimakin koci yana ta daka tsawa. Ke nan sun san ciwon. A ginin nan ɗaya kuma ƙungiyar matansu take, wadda ta ci kofin 2024 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Riga ɗaya, fili ɗaya. Na ce wa Kawu da ni ne Clarkson, da na sa samarin nan sun riƙa zama suna kallon yadda matan ke bin ƙwallo idan ta kuɓuce musu.

Sauran tafiyar a gurguje muka yi ta. Mun bi hanyar bakin teku ta Great Ocean har wurin duwatsun nan da ke tsaye a cikin ruwa, iska ta hana mu daɗewa. A hanyar ne na ga kangaru. Sidni ta fi Melbon ɗumi da tsada, kuma can zancen rugby aka fi yi, direban tasin da ya kai ni filin jirgi ko sunan kocin North bai sani ba. Na sayo wa yarana ƙwallon Sherrin guda ɗaya, irin wadda ake buga AFL da ita, da 'yan mazugai na atisaye, kuɗin ƙarin kaya ya kusa ninka kuɗin sayensu.