Gudu huɗu a rana: inda na kai da Corolla a tseren alkawari

Ƴan uwa masu koyo, Asabar da ta wuce na yi gudu huɗu, ga kuma abin da na'ura ta rubuta: sakan 11.81, 11.79, 11.80, 11.82. Tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri 0.03 ne kacal. Na zauna a gindin dogon yaro na daɗe ina kallon shafin, domin ranar da na fara a watan Nuwamba, wannan motar dai, a wannan filin, ta ba ni tun daga 11.66 har 12.07. Ban buɗe cikin injin ba, ban ƙara mata wani ƙarfe na ƙarin gudu ba. Corolla ce ta shekarun 1990 mai injin 1.6, otomatik, irin wadda ta cika titunan Yamai.

Waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan, bari in ɗan faɗa muku yadda wasan yake. Asalinsa daga Amurka ne, inda Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a janye matasa daga tsere a kan titi a kai su fili killatacce. Tsayin tseren dirag, inda motoci biyu ke tashi daga tsaye su yi gudu a miƙe, rubu'in mil ne, wato mita 402, ko rabinsa, mita 201, kuma wannan gajeren muke yi. A nau'in da suke kira biraket, kowane direba yana rubuta a gilashin motarsa lokacin da yake ganin za ta yi. Mu "alkawari" muke ce wa wannan lamba. Motar da ta fi nauyin jiki ita ake fara saki, da tazarar da ke tsakanin alkawuran biyu. Wanda ya riga isa layi ya ci, amma da sharaɗi: idan ka yi sauri fiye da abin da ka rubuta, ka karya alkawari, ka faɗi. Idan dukanku kun karya, wanda ya karya kaɗan shi ya ci. Idan ka tashi kafin koriyar fitila, ja ta kama, magana ta ƙare tun a nan. Saboda haka tsohuwar Corolla tana iya doke sabuwar mota mai tsada, muddin mai ita ya san abin da za ta yi kafin ta yi.

Filinmu wani yanki ne na kwalta a cikin wuri mai katanga a bayan gari, da izinin mai shi, ba mai wucewa, ba dabba. Bayan layin ƙarshe akwai fiye da mita 250 na taka birki, kuma ana buƙatarsu, don motata tana ƙetare layin da gudun kusan kilomita 97 a awa. Hular kwano, bel, da tukunyar kashe gobara, babu wanda ke gudu ba su. Kada kowa ya karanta wannan ya tafi hanyar Tilaberi ko ta Doso ya ce gwaji yake yi. Lokaci da ƴar na'urar GPS muke aunawa, fitilun tashi kuma wani ƙanenmu mai karatun lantarki ne ya haɗa mana su yadda suke a can: rawaya uku, rabin sakan tsakanin kowace, sannan koriya.

Kuskurena na farko yawan gudu ne. Na ɗauka tunda sau ɗaya a mako muke samun filin, ribar ita ce in yi gudu goma. Ina isa layi in juyo in sake tsayawa. Na uku ya fi na biyu jinkiri, na biyar ya fi na huɗu, na shida kuma sai ya dawo da sauri don na tsaya shan ruwa. Na koma gida da lambobi goma waɗanda ba su gaya mini komai ba. Maigidan da na koyi gyaran mota a hannunsa ya duba littafin ya ce, "Ɗana, ƙarfe nawa ka yi wannan, ƙarfe nawa ka yi wancan?" Na ce, "Baba, ban rubuta ba." Ya ce, "To ba mota ɗaya ka auna ba. Ta safe daban, ta hantsi daban, ta azahar daban."

Tun daga ranar kowane gudu yana da layinsa cikakke: awa da minti, zafin iska a inuwa, zafin bututun shigar iska, iskar taya, yawan mai a tanki, mintin da suka wuce tun gudun baya, da lokacin mita 18 na farko, wanda Amurkawa ke auna wa a ƙafa 60.

A nan ne na fara ganin zafi da idona. Injin iska yake ci, kuma iska mai zafi ba ta da nauyi. Kusan kowane digiri 3 da aka ƙara, kashi 1 cikin 100 na kaurinta yana tafiya. Safiyar Disamba a Yamai kana iya samun digiri 17, la'asar ɗin Afrilu ta haura 40, wato injin ya rasa kusan kashi 7 ko 8 cikin 100 na iskar da yake shaƙa, alhali ba abin da ya lalace. A littafina abin ya fito kusan 0.01 ga kowane digiri ɗaya. Da digiri 19 ina yin 11.68, da digiri 31 ina yin 11.80. Wannan lissafin motata ne, taku za ta ba ku nata, amma sai kun tara gudu da yawa da aka yi cikin tsari ɗaya kafin ya bayyana.

Akwai kuma zafin da motar ke dafa kanta da shi, kuma shi ya fi wahalar da ni. Idan ka gama gudu ka kashe injin, ruwa ya daina zagayawa, zafin ya taru a ƙarƙashin murfi ya jiƙa bututun iska. Minti biyar bayan kashewa bututun ya fi zafi a kan lokacin da ka tsaya. Na sayi ma'aunin zafi mai kamar ƴar bindiga, na riƙa nuna shi wuri guda da na yi wa alama da fenti. Na ga cewa idan na ɗaga murfin injin na juya gaban motar ga iska, minti 25 ke isa bututun ya dawo inda yake kafin gudun. Shi ya sa na tsayar da tazarar minti 25, kuma shi ya sa gudun ya koma huɗu. Fiye da haka rana ta riga ta canza, ina auna wata mota ke nan, kamar yadda Baba ya faɗa.

Wani abu da ya kamata ku duba tun yau: tamostat, ƴar na'urar da ke buɗe wa ruwan injin hanya zuwa radiyato idan ya yi zafi. Da na sayi motar an riga an cire shi, an kuma haɗa fankar radiyato kai tsaye, tana juyawa tun daga kunna makulli. Da yawa a garajojinmu haka suke yi don tsoron zafi, kuma na fahimci dalilinsu. Amma injin da ba tamostat ba shi da zafin da yake tsayawa a kai. Da sanyin hunturu ba ya ɗumama sosai, kwamfutar motar ta yi ta zuba mai fiye da kima, da rana kuma ya hau yadda ya ga dama. Na samo mai digiri 82, na mayar da fankar kan na'urarta. A makon farko tazarar da ke tsakanin gudu da gudu ta ragu da kusan rabi. Yanzu kafin in shiga layi ina jira fanka ta kama ta saki, sannan in matsa. Ta haka kowane gudu yana farawa da zafin ruwa iri ɗaya, kuma fankar ba ta jan wuta a tsakiyar gudu. Kilim a kashe, wannan ba sai an faɗa ba.

Gudun farko na yini kullum ba na ƙirga shi. Man giyabos yana da kauri kafin ya ɗumama, sai motar ta yi nauyin canza giya. Ina zagaye filin a hankali na minti goma, in yi gudu ɗaya na share fage, in rubuta shi da jan biro.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna taruwa. Litar esansi tana da nauyin kusan giram 750, lita 10 kilo bakwai da rabi ke nan, kuma a motata sun kai 0.02. Ina zuwa da rubu'in tanki, ina ciko daga jarka bayan gudu biyu, daga gidan mai guda. Na daina sayen na kwalba ranar gwaji, don ba ka sanin abin da aka gauraya. Tayar sauyi da jak ko dai kullum suna ciki ko kullum suna waje, ni na zaɓi waje. Iskar taya da ma'aunina nake dubawa, ba na mai faci ba, kafin kowane gudu, don rana kaɗai tana ƙara wa iskar kusan bar 0.1 a ma'auni a kowane digiri 10, kuma tayar da ke ɓangaren rana tana fin ta inuwa. Sai ƙura. Corolla da tayun gaba take ja, idan ta yunƙura nauyi yana komawa baya, ƴar ƙurar hazo a kan kwalta ta isa ta sa taya ta zame. Muna share mita 20 na farko da tsintsiya duk bayan mota biyu. Idan na ga lokacin mita 18 ya tashi daga 2.62 zuwa 2.70, na san ba injin ba ne, ƙasa ce ko ƙafata.

Ƙafar kuwa ita ma sai da horo. Hagu a kan birki, dama a kan totur, allurar injin a juyi 1,500 a minti, in saki birki da kamawar rawaya ta uku. Wanda ya jira ya ga koriya ya makara, don kafin ido ya gaya wa ƙafa, ƙafa ta gaya wa mota, rabin sakan ya tafi. Tayar gaba kuma a kan layin alli guda take tsayawa kullum.

To, ga babban darasin da ya ci mini gasa biyu. A da, duk gwajina da safe nake yi, bayan asuba da hantsi, don lokacin ne nake da sarari. Gasarmu ta wata-wata kuwa bayan la'asar ake yin ta, saboda masu aiki. A Janairu na ɗauki lambar safe na rubuta 11.70 a gilashi. Zafin ya kai digiri 33, motar ta sha rana tun azahar, ta yi 11.91. Abokin karawata bai ko wahala ba. A Fabrairu na ce ba za a maimaita ba, na rubuta 11.93. Na ci zagayen farko. Kafin na biyu rana ta karkata, iska ta yi sanyi, ban gyara lambar ba, motar ta yi 11.86, na karya alkawari ina kan gaba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don motar ta yi daidai abin da ya kamata ta yi, littafina ne ba shi da ko layi ɗaya na ƙarfe biyar da rabi na yamma.

Yanzu na sake tsarin gaba ɗaya. Asabar biyu a wata ina gwaji daga ƙarfe huɗu da rabi zuwa gab da magariba, daidai lokacin gasa. Asabar ɗaya da safe, kuma ita kaɗai ce ranar da nake taɓa wani abu a motar, abu guda tak, ko buji, ko matatar iska, ko iskar taya. Idan ka canza biyu ka ga bambanci, ba ka san wanne ya kawo shi ba. Makon gasa ba na kwance ko ƙusa ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani abin da ban lura da shi ba sai da na tsaya ina kallon wasu bayan an fitar da ni. Idan mu takwas ne, zagayen farko yana ɗaukar lokaci, kowa ya huce. Na biyu motoci huɗu ne, na ƙarshe biyu, kuma magariba na matsowa, ba wanda zai ba ka minti 25. Wani lokacin minti takwas kawai ke tsakani. Wato gudun da ya fi kowane muhimmanci, da mota mai zafi za ka yi shi, ni kuwa duk horona na mota mai hutu ne. Saboda haka gudu na huɗu a gwajin yamma yanzu da gangan nake yin shi minti takwas bayan na uku, ba tare da na kashe injin ba. Sau uku na gwada. Zafin bututu yana ƙara mini kusan 0.05, sanyin yamma yana rage kusan 0.03, abin da ya rage 0.02 ne a kan gudun da ya gabata. Uku ba su isa a kafa doka ba, ina son goma kafin in dogara da shi.

Ku da kuka tambaye ni ko ya dace ku cire matatar iska ko ku yanke salansa don ƙarin gudu, ra'ayina a'a ne. Da ƙurar garin nan injin da ba matata ba zai daɗe ba, kuma duk abin da kuka canza ya mayar da tsofaffin shafukanku banza, sai ku fara tarawa daga farko. Ni na ƙi sayen wasu tayu masu faɗi da aka yi mini tayinsu da araha a kasuwar Katako, don kawai ina da gudu 104 a kan waɗanda ke ƙafar motar.

Afrilu na shigowa, zan sami lambobin sama da digiri 40 a karon farko, kuma na yanke cewa idan allurar zafi ta wuce inda ta saba zan tsaya ko da gudu biyu na yi. Bayan nan damina. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas tana dukan gaban motar za ta juya ta zo daga kudu maso yamma, ta koma tura ta, ga laima da ke rage wa injin iskar da yake ƙonawa. Na riga na ja sabbin layuka biyu a littafin, ɗaya na laima, ɗaya na inda iska ta fito, na kuma ɗaura tsumma a kan sanda a tsakiyar filin. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, ƙarfe huɗu da rabi ina wurin. Wanda zai zo ya taho da tsintsiyarsa da littafinsa.