An sauya kalmar sirri, ɓarawo na nan ciki

Mu huɗu ne a ofishinmu da ke Aboabo, nan Kumasi, a saman wani shagon ɗinki. Rubuta manhaja ce sana'armu, kuma yawancin masu ba mu aiki 'yan kasuwa ne da masu karɓar susu, wato adashi. Da Django muke aiki, wani tsarin gina manhajar yanar gizo, wanda aka rubuta da yaren kwamfuta na Python aka fitar tun 2005. Ina ƙaunarsa don ya zo da kayan aikinsa a haɗe. Mutum ya manta kalmar sirri, sai a tura masa mahaɗi ta imel, ya danna, ya sa sabuwa. Mahaɗin kwana 3 yake yi kafin ya mutu, sai in kai ka rage.

Na daɗe ina ganin hakan ya wadatar, har ranar da aka zare wa wata Hajiya mai atamfa waya a kasuwar Kejetia. A daren, ɗanta ya sauya mata kalmar sirri. Washegari da hantsi sai ga ta ta hawo benenmu tana haki, mayafi ya zame kafaɗa.

"Ɗana, an ce min an kulle ƙofa. To wa ke taɓa min littafin bashi?"

Laifinmu ne. Da zarar kalmar ta sauya, Django na fatattakar duk wanda ya shiga ta burauza. Amma manhajar wayar da muka yi wani makulli take riƙewa, tokin ɗin da Django REST framework, ƙarin da ke haɗa Django da manhajar waya, ke bayarwa. Shi kuwa ba ya tsufa, sauya kalmar sirri ma ba ta taɓa shi, don haka ɓarawon na nan ciki.

Masu Laravel, wani tsarin irin Django, suna da PasswordReset, wata sanarwa da ake tayarwa idan an sake kalmar sirri, ka rataya mata aikinka. Django bai tanadi irinta ba. Sai muka ɗora namu a kan PasswordResetConfirmView, sashen Django da ke karɓar sabuwar kalmar, muka shiga form_valid ɗinsa, inda ake adana ta, muka bari ya fara adana sabuwar kalmar tukuna, sannan namu ya biyo baya: a goge tokin ɗin mutumin, a rubuta lokacin, a tsayar da fitar kuɗi zuwa MoMo, asusun kuɗi na waya, na awa 24. Mahaɗin ma mun mayar da shi minti 30.

Saƙon gargaɗi ne ya fi ba mu tunani. In ka tura shi layin da aka sace, ai ɓarawon ka gaya wa. Shi ya sa yanzu muke karɓar lamba ta biyu, ta miji ko ta ɗa. Wata manhaja mai suna Celery ke ɗaukar saƙon a bayan fage, don kada tangarɗar sabis ta hana mutum gama sauyin.

Awa 24 ɗin nan ta jawo min ƙorafi sosai, musamman gab da sallah da kowa ke son kuɗinsa a hannu. Ban cire ba. Duk wanda ya matsu, ya zo da Ghana Card ɗinsa in gan shi ido da ido, in buɗe masa.