Aikin daren jiya da Ansible

Jama'a jiya da daddare muka sauya VLAN, wato rabe-raben netwok, a duk suwic ɗin wajen aikinmu (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci), wallahi da a da ne kwana za mu yi muna shiga ɗaya bayan ɗaya ta SSH (hanyar shiga na'ura daga nesa) muna buga umarni har ido ya yi ja, kuskure ɗaya kuma ka yanke wa bene guda intanet. Wannan karon fayil ɗaya na YAML (wani tsarin rubutu mai sauƙi) na rubuta wa Ansible, manhajar da ke aika umarni ga na'urori da yawa a lokaci guda, na fara gwadawa da --check da --diff don in ga abin da zai canza, sannan na bar shi ya yi aikin. Kafin shayina ya huce an gama, Alhamdulillah.

Adireshin IP ma daga NetBox, manhajar ajiye bayanan netwok, Ansible yake jawowa, mun huta da Excel ɗin nan da kowa ke riƙe da nasa kwafi. Kuma Ansible da NetBox duk kyauta ne fa, suna nan a buɗe a GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji.

Yanzu abin da na ƙosa in gani shi ne Event-Driven Ansible ya ƙara ƙarfi, layi na faɗuwa ya ɗau mataki da kansa ba sai an buga min waya da asuba ba, sai kuma gNMI, sabuwar hanyar da manhaja ke sarrafa na'urorin netwok, ya iso ƙananan na'urorin da kuɗinmu ke iya saya, don tsofaffin namu har yau sai ta CLI, wato buga umarni a rubuce.