Godiya ga Masu Masaukinmu na Kebek

Assalamu alaikum. A madadin tawagarmu da ta ratsa lardin Kebek na ƙasar Kanada, muna miƙa godiya ga iyalin da suka sauke mu a Drummondville, musamman uwargida da ta haɗa mana poutine, abincin da ya samo asali a ƙauyukan wannan yanki tun ƙarshen shekarun 1950. Har yau Drummondville da Warwick na jayayya kan wanda ya fara shi.

Abu uku ne kacal: soyayyen dankalin turawa, sabon cuku gutsi-gutsi, da romo mai kauri. Amma kowanne da sharaɗinsa. Dankalin a yanka shi kaurin ɗan yatsa, a jiƙa a ruwan sanyi minti 30 sitacin ya fita, a tsane shi sosai. Suya biyu ake yi: ta farko a mai mai zafin digiri 150 har cikinsa ya nuna, ta biyu a digiri 190 don bayansa ya yi ƙaras-ƙaras. Wanda ya yi suya ɗaya, romo na taɓa dankalinsa zai saki jiki.

Cukun nan ne zuciyar abin. Na ranar ake so, wanda bai shiga firiji ba, mai ƙara ƙii-ƙii a haƙori. Sanyi na kashe wannan ƙara, cukun da ake kira mozarella kuwa narkewa yake yi ya zama igiya, ba ya maye gurbinsa. Romon kuma, bota cokali 3 da fulawa cokali 3 a soya su yi ruwan ƙasa, a zuba ruwan dafaffen nama kofi 2 a hankali ana juyawa don kada ya yi gudaji. Da zafinsa ake kwarara shi, cukun ya yi laushi bai narke ba, a ci nan take.

Godiya ta musamman ga maigida da ya je har shagon naman halal ya sayo kaza da ƙashin saniya don romonmu. Matafiyi Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya sayi poutine, domin wasu shaguna na ɗora naman alade a kai.

Mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a, ya bar zumunci.